Shekara uku ina ba baƙi makulli a Katsina

Jiya da daddare wani abokina ya kira ni daga Abuja, yace can harkar shotlet ta karɓu sosai, wato gidan da ka zuba wa komai na zama kana ba mutane hayarsa na kwana biyu ko sati ɗaya, wai yana da gida a rufe a nan Katsina, ya shiga ko ya haƙura? Mun fi awa ɗaya muna magana, da muka gama nace bari in rubuta abin da na gaya masa tunda ba shi ne na farko da ya tambaye ni ba.

Ni dai a 2022 na fara. Fulat biyu ne da suka zo mani a rabon gado bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, can wajen Ƙofar Ƙaura, da farko hayar shekara na bayar, to kun san halin hayar shekara, kuɗi su shigo sau ɗaya ka cinye su a wata biyu sannan ka zauna kana jiran baɗi, in mai hayar ya tashi kuma sai ka sake fenti ka gyara famfo daga aljihunka. Uwargida ce tace mu gwada na kwana-kwana, don ita ta ga yadda dangin amarya ke wahala in sun zo biki, mata goma sha a cunkushe a ɗaki ɗaya gidan maƙwabta, otal kuma ba kowane magidanci ne zai yarda iyalinsa su kwana can ba. Wannan maganar tata ita ce jarin gaba ɗaya wallahi, don har yau yawancin baƙina iyalai ne masu son gida mai katanga da ƙofa tasu da kicin da za su dafa wa yara abinci.

Kuskurena na farko, kuɗin duk na zuba su a ado. Kujeru, labule, tibi babba, fitilu a silin. Baƙina na farko dangin amarya ne daga Zariya, da asubar kwana na biyu waya ta tashe ni wai ruwa ya ƙare. Na iso na tarar da wata dattijuwa tsaye bakin ƙofa da buta a hannu, ba ta ɗaga murya ba, tace ɗana gidanka ya yi kyau Allah ya sa albarka, amma da me za mu yi alwala? Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina. Na fita neman ƴan ga-ruwa gari bai gama wayewa ba, kura biyu na sa aka turo, muka riƙa ɗaukar jarkoki muna cika bokitai a banɗaki. Tankin da na sa na iyali ɗaya ne, ban lissafa cewa mata goma sha biyu ranar biki kowa sai ta yi wanka sau biyu ga wanki ga girki ba. Satin nan na sayar da kujera saiti ɗaya na ƙara tanki, kuma tun daga ranar kafin baƙo ya iso ni da kaina nake hawa in leƙa tankin, ba na aike.

Sai wuta. Da janareto na fara kamar kowa, ina ta lallaɓawa har ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, lita da muke saye ƙasa da naira 200 cikin ƴan kwanaki ta haura 500, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Baƙo ya kunna esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya kwana da ita a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ba laifinsa ba ne kuɗinsa ya biya, amma in ka yi lissafi da safe sai ka ga man da aka ƙona ya cinye rabin kuɗin kwanan. Dole na ci bashi wajen yayana na sa sola, faranti da batir da inbata, fanka da firji da fitilu da famfon bohol duk suna kanta dare da rana. Esi kam ba na yi wa kowa ƙarya, tun a waya nake cewa in akwai wutar gari ka sha sanyinka, in babu ana tada inji daga ƙarfe tara na dare zuwa ɗaya, mai son fiye da haka ya sayi mai. Mutane sun fi son ka faɗa masu tun kafin su turo kuɗi. Kuma mai shirin sa sola ya sani lokacin hunturu ƙura na kwanciya kan farantan har caji ya ragu, sai ana wanke su akai-akai, yaron da ke mani shara shi ke hawa duk bayan kwana uku.

Abin da na fi daɗewa ina gaya wa abokin nan nawa shi ne maganar unguwa. Nan ba Legas ba ce da ba ruwan kowa da kowa, a Katsina in baƙuwar mota ta tsaya ƙofar gidanka sau biyu to an sani, kuma sunan mahaifinka za a kira. Kafin in karɓi baƙo ko ɗaya sai da na je na gaida mai unguwa na yi masa bayani, na je wajen limamin masallacinmu, na bi maƙwabta na ba su lambata nace duk abin da ba su gane ba su kira ni ko ƙarfe nawa ne. Kowane baƙo sai ya nuna katin NIN ko fasfo na ɗauki hoto, sai ya faɗi mutum nawa ne da abin da ya kawo shi, kuma ba na ba mace da namiji makulli sai na gamsu ma'aurata ne. Akwai wasu samari da suka zo da kuɗin kwana ɗaya ninki biyu a hannu wai za su yi bazday su kawo mai kiɗa, lokacin fulat ɗin ya kwana tara ba kowa ga bashin sola a kaina, na ba su haƙuri suka tafi suna ƙunƙuni. Raina ya so kuɗin nan gaskiya, amma baƙo raɓa ne, gobe ya tafi, ni kuwa da mutanen nan nake sahu ɗaya a masallaci, kuma mai shagon da ke kallon gidan ya fi kowace kyamara yi mani gadi.

Talla kuma, na sa gidan a Airbnb, shafin nan na intanet da matafiya ke neman masauki a cikinsa, na kuma sa a wani irinsa mai suna Booking.com, kuma ina samun mutum jefi-jefi, galibi ma'aikatan ƙungiyoyi ko wanda ya taso daga Turai zai ga gida. Su kan cire kasonsu a duk kwanan da aka kama ta wajensu, sai ka saka wannan a farashinka. Amma cinikin gaske a WhatsApp yake. Uwargida ta haɗa kai da masu kwalliyar amare da masu ƙunshi da masu girkin biki da masu hayar kanofi, don su ke fara sanin za a yi biki tun wata biyu kafin ranar, duk wadda ta turo baƙo tana da la'adarta a ranar ba sai ta tambaya ba. Haka direbobin da ke ɗaukar fasinja a filin jirgin Umaru Musa Ƴar'aduwa. Bidiyon da ya fi kawo mana mutane kuwa ba wani gyara a cikinsa, da rana tsaka uwargida ta ɗauka da waya tun daga get, ta shiga falo, ta ɗaga zanin gado a ga katifa, ta shiga banɗaki ta murɗa famfo ruwa ya zubo da ƙarfi, ta nuna buta da darduma da alamar alƙibla da muka manna a bango. Wurin famfon nan mutane suka fi magana a kai. Kuma in baƙo zai shigo sai ta sa turaren wuta a kasko ta zagaya ɗakunan, mata da yawa abin da suke fara yabawa kenan tun daga bakin ƙofa.

Kasuwar tana da lokaci, wannan ne masu sha'awa ba su lissafawa. Kafin azumi bukukuwa kamar me, sai ka ƙi ɗaga waya don ba wuri, bayan ƙaramar Sallah da watan Disamba haka. Da Sallah ana zuwa kallon hawa a Ƙofar Soro, wasu su wuce Daura ganin rijiyar Kusugu, ni ke nuna masu hanyar Hasumiyar Gobarau in haɗa su da direban da na yarda da shi, kuma ina faɗa masu gaskiya kan hanyoyin da ba a bi da dare. Lokacin jigilar maniyyata ana samun masu rakiya, sai kuma iyayen ɗaliban jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa da Al-Ƙalam. Ranar 15 ga Yuli 2025 da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Daura, Allah ya gafarta masa, wayata ba ta huta ba kusan sati ana neman masauki ga masu zuwa ta'aziyya, ban ƙara ko sisi kan farashina ba don ban ga dacewar haka a kan rasuwa ba. To amma farkon azumi da tsakiyar damina sai gida ya yi kwana goma shiru, mai gadi kuwa sai an biya shi, mai wanki ma haka. Shi ya sa nace wa abokina ya yi lissafinsa kan kwana goma sha biyu a wata, in ya ga zai fita a haka to bismillah, in sai gidan ya cika kullum zai ci riba gara ya bar shi a hayar shekara.

Masu cike mani wannan giɓin su ne masu jinya a Asibitin Koyarwa na Tarayya, mutanen ƙauyuka da na Nijar ta wajen Maraɗi, su kan yi sati biyu ko uku, waɗannan rabin kuɗi nake karɓa kuma ba na neman kuɗin ajiya na ɓarna a wajensu. Wani dattijo da ya yi jinyar matarsa kwana goma sha takwas, ranar tafiya na tarar ya share tsakar gidan da kansa ya naɗe darduma ya ajiye mani ƙwaryar gero a kicin, bayan wata biyu sai ga ƙaninsa da lambata a takarda.

Abokin nawa yace zai shigo ranar Asabar. Nace ya taho da makullin gidan, mu fara duba bohol da tanki, in an yi la'asar mu wuce wajen mai unguwarsu.