Adireshin da ke goshin furotin

Ranar da na sauka Ngaundere ta ƙasar Kamaru daga Kano, ta hanyar Yola da Garwa, ruwan sama ne ya tarbe ni, ga wani sanyi da ban zo da shirinsa ba. Aikin koyar da ilimin ƙwayoyin halitta ya kawo ni, amma Faransancina bai wuce na gaisuwa ba, Fulatanci kuwa "jam na" kaɗai na iya. Wata Hajiya a unguwar Hausawa ce ta ba ni ɗaki, ta haɗa mini da bargo da kunun safe. Allah Ya saka mata.

Tana fama da ciwon sukari, ni nake zuƙo mata insulin a sirinji saboda idonta ya yi rauni. Wata safiya ta ce, "Ɗana, wai me kake leƙe a madubin nan naku?"

Na ce, "Inna, kin ga buhunan da ake lodawa a jirgin ƙasa zuwa Yawunde? Kowanne an rubuta masa inda za shi."

Haka furotin yake a cikin ƙwayar halitta. Wanda za a fitar waje, irin insulin, da ɗan guntu a goshi ake fara ƙera shi, na insulin amino asid 24 ne, wato tubalan da ake gina furotin da su. Guntun nan shi ne adireshi. Wani ɗan rakiya ya gane shi, ya ja furotin ɗin zuwa bakin wani tantani da ke cikin ƙwayar, a zura shi ta wata 'yar ƙofa mai suna Sec61, yana shiga a datse guntun. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Günter Blobel, shi ya bi diddigin adireshin nan a New York cikin shekarun 1970, aka ba shi kyautar Nobel a 1999. Abin da ya sa nake jin sa a raina, shi ma baƙo ne a Amurka, kuma yana ɗan shekara 8 yaƙi ya raba su da garinsu a 1945.

Inna ta yi shiru tana murza wurin allurar, can ta ce, "To kai yaushe za a datse naka?"

Shekara uku ke nan. Yanzu da Faransanci nake zana wa ɗalibai ƙofar nan a allo. Jiya mahauci ya yi mini ciniki da Fulatanci, na mayar masa, bai ko tambayi daga ina nake ba. Katin zamana kuwa yana aljihu, watan gobe zan je in sabunta shi.