Na je Meziko na tarar da zoɓonmu

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga Meziko kuma har yanzu barcina bai daidaita ba, awa 7 ce tsakaninmu da su, to tunda idona biyu bari in rubuta kafin abubuwan su fara gushewa. Horo ne ya kai ni kan harkar masara, a cibiyar binciken masara da alkama da ake kira CIMMYT da ke Texcoco, gefen babban birninsu. Daga Abuja zuwa Istanbul, daga can kuma sai wani dogon zama a jirgi wanda ba na so ma in tuna.

Da muka sauka wani jami'in shige da fice ya riƙe fasfona kusan awa guda, yana juya takardar gayyata kamar ta bogi ce, ko kallon fuskata bai yi ba, a ƙarshe ya buga hatimi ya turo min fasfon da bayan hannu. Raina ya ɓaci sosai wallahi. Amma shi kaɗai ne ya yi min haka a duk zamana, sauran mutanen ƙasar akwai karamci.

Birnin yana kan tudu, sama da mita 2,200, kwana biyun farko ko bene na hau sai na tsaya haki.

Ranar Asabar malamin da ke kula da mu, wani dattijo ɗan ƙasar mai yawan fara'a, ya ɗebe mu mu biyar zuwa unguwar Roma da ke cikin babban birnin, ya shigar da mu wani ƙaramin wuri inda suke dafa giyarsu da kansu, manyan tukwanen ƙarfe ga su nan a bayan gilashi kana gani. Aka kawo wata mai launin ruwan ɗorawa, wai da mangwaro da barkonon habanero aka yi ta. Ni dai ba na sha, na faɗa masa, dattijon nan ya dinga ba ni haƙuri har sai da na ji nauyinsa. Amma ƙamshin ya iso ni daga inda nake zaune, kuma wallahi ƙamshin attaruhu ne sak, ashe habanero da attaruhunmu 'yan gida ɗaya ne. Abokinmu ɗan Kenya ya kurɓa ya yi shiru, ya ce da farko tsami ne ke kama gefen harshe, sai zaƙin mangwaro, sai ka haɗiye sannan yajin ya taso maka a maƙogwaro. Mai wurin ya ce tsamin daga irin ƙwayoyin da ke sa madara ta zama kindirmo ne, su suke fara sakawa kafin yis. Ƙaramin kofi peso 120! Na lissafa a naira na girgiza kai.

Dattijon bai zauna ba, fita ya yi, can sai ga shi da wani kofin roba ya ce wannan nawa ne, babu komai a ciki sai 'ya'yan itace. Mangonada sunanta. Mangwaro ne aka markaɗa da ƙanƙara, aka zuba wata jar miya mai kauri da suke kira chamoy, tsami da gishiri da yaji duk a haɗe, aka matse lemon tsami aka barbaɗa garin barkono a sama, sannan tsinken zuƙar ma an naɗe shi da alewar tsamiya mai yaji. Kurɓar farko sai da hawaye ya zo min, ta biyu kuwa na kasa ajiyewa. Sanyi na daskarar da haƙori, barkono na ƙona leɓe, tsamin na sa yawu ya tsinke, kai abin ba a magana. Nan take na tuna lokacin da muna yara muke yanka ɗanyen mangwaro muna dangwala shi da yajin ƙuli da gishiri a ɓoye kada Inna ta gani. Su abin da muke ɗauka kwaɗayin yara shi suka mayar sana'a, ko kankana ka saya a titi sai an tambaye ka a sa barkono.

Washegari a kasuwar Coyoacán na ga manyan tuluna na gilashi jere, ɗaya ja wur. Na ce a zuba min, ina kai wa baki na ce wannan ai zoɓo ne! Su jamaica suke ce masa, na kusa da shi kuma ruwan tsamiya ne. Gaskiya nasu bai kai namu ba, salam yake, ba citta ba kanumfari ba abarba, ruwa da sukari kawai, kuma peso 30 kofi, kuɗin da zai saya maka gora nawa a Kano. Abin da ya tsaya min a rai shi ne Meziko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon Najeriya, wanda manoman Jigawa da Kano ke nomawa, wato mai yiwuwa abin da na sha daga wajen Maigatari ya taso ya riga ni zuwa. Na tsaya ina kallon buhun zoɓon a gaban matar da ke sayarwa ina tunanin nawa aka biya wanda ya tsinke shi da hannu. Na nuna mata hoton zoɓon gida a waya, ta yi ta mamaki, ta ƙara min rabin kofi kyauta ta ƙi karɓar kuɗi.

Mun je kallon dalar Teotihuacan, wani tsohon ginin mutanen da, rana ta dake mu sosai. Sauran kwanakin gona ce da aji. Na sayo kwalbar chamoy biyu da garin barkono mai gishiri da lemon tsami da suke kira Tajín, ɗaya ta fashe a jaka ta ɓata min kaftani, ɗayar kuma tana nan a firij muna jiran mangwaro ya shigo kasuwa.