Ka fara shiga gona kafin ka cike fom ɗin mastas

Ɗan ƙanwata ya gama bautar ƙasa, yanzu ba shi da zance sai na digiri na biyu a fasahar noma. Ranar wani suna da aka yi a gidanmu ya ja ni gefe ya miƙo mini waya. "Kawu, duba mini wannan, kai ka san hanya." Bayanin binciken da yake son yi ne: jirgi marar matuƙi zai riƙa shawagi a kan gona yana ɗaukar hoto, kwamfuta ta gano inda cuta ta kama, jirgin ya koma ya yi feshi daidai wurin. Turancin ya tsaru, ba laifi. Na tambaye shi gonar wa. Ya ce kowace gona. Na ce gero da dawa da wake a gona ɗaya, kamar yadda kakansa ke shukawa, hoton zai iya rarrabe su? Ya yi dariya ya ce ai an wuce wannan noman. Sai kuma ya ƙara da cewa mahaifiyarsa ta yarda a sayar da filinta idan tallafin karatu bai fito ba. Nan gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa yin irin wannan maganar.

Ni gidan gilashi ne ya ɗauke mini hankali. A Holan na yi mastas ɗina, kuma wanda bai ga yankin Westland da idonsa ba, ba zai gane abin da ya same ni ba. Gilashi iya ganinka. Tumatir na hawa igiya har ya wuce kan mutum, saiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ruwa da taki na zuwa masa ta siririn tiyo ɗigo-ɗigo, kwamfuta na lura da zafi da iska dare da rana. Ƙasar ba ta kai jihar Borno girma ba, amma tana sahun gaba a duniya wajen fitar da kayan gona. Na ce wallahi wannan ne maganin yunwar Arewa, ni kuma zan kai shi gida. Bincikena gaba ɗaya a kan haɗin sinadaran takin tumatir na noman da ba ƙasa na yi shi. An yaba.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, su sanyi da ƙarancin rana suke yaƙa. Shi ya sa suke ɗumama gidajen da iskar gas, suna kunna fitilu. Mu kuwa rana ce ta yi mana yawa. Wannan ko ɗan firamare ya sani, amma ni da takardata a hannu ban gani ba.

Da na dawo na matsa wa mahaifina har ya sayar da wani yanki na gonar gado, na haɗa da bashin banki, na kafa rumfar leda da raga a bayan garin Kano. Tambaya ɗaya ya yi mini, Allah ya jiƙansa: "To wa zai saya?" Na yi masa dogon bayani. Bai sake tankawa ba.

Zubin farko a hunturu ya yi kyau ƙwarai, ’ya’ya jajur kansu ɗaya, har mutane na zuwa kallo. Sai dai lokacin nan ne tumatirin Kadawa da Kura ke malalowa kasuwar Kwanar Gafan, kwando ya faɗi warwas. Dillali ya ɗaga nawa ya juya, ya ce madalla, ya taya kuɗin da yake taya na kowa. Shi kwando ya sani, ba ruwansa da sinadari. Bazara na shigowa, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 a waje, cikin rumfar ya zama ba ya shiguwa da rana. Tumatir ba ya ɗaure ’ya’ya a irin wannan zafi, fure kawai yake zubarwa. Fankoki na son wuta, wuta babu, janareta na shan dizal. Tiyon ɗigo ya toshe da laka, ɗan abin tace ruwan ya fashe, na zaga Sabon Gari ban sami irinsa ba. A 2016 kuma tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suka raɗa wa sharon, ta faɗa wa tumatirin Kano da Kaduna da Katsina. Ta shigo mini ta inda raga ta yage, ta sami ɗumi da kwanciyar hankali, ta hayayyafa fiye da yadda ta yi a fili. Nan aka rufe.

Amma fa kada a ɗauka lissafin nawa duk shirme ne. Da damina tumatir tsada yake yi, kowa ya sani, kuma mai rumfa na iya samarwa a lokacin da na fili ba zai iya ba. Akwai masu yi a wajen Jos inda sanyi ke taimakonsu, suna kai wa otel-otel na Abuja, suna cin riba. Da ina da jarin da zan ƙara jurewa, da kuɗin ruwan bankin bai shaƙe ni ba, da wutar lantarki ta tsaya, wa ya sani? Har yau wani lokaci ina ganin ƙasar ce ta kayar da ni. Wani lokacin kuma sai in tuna cewa duk waɗannan matsaloli suna nan tun kafin in hau jirgi, ni ne ban sa su a lissafi ba. Kuma ba filina aka sayar ba, na mahaifina ne, ƙannena mata na da rabo a ciki.

Akwai wani abokin karatuna da ya tsaya a Samarun Zariya ya yi nasa mastas ɗin a kan adana wake. Mun riƙa yi masa shaƙiyanci, muna cewa ya je jami'a ya karanto buhu. To buhun nan na PICS, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Afirka, leda biyu ne a ciki da buhun saƙa a waje. A zuba wake, a matse iska, a ɗaure kowanne daban. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba a zuba ko ɗigon magani ba. Manomin da a da yake zubar da wakensa da kaka don tsoron ƙwari, yanzu zai iya riƙewa har farashi ya tashi a Dawanau. Ku faɗa mini, tsakanin ni da shi wa ya yi fasahar noma? A Samarun nan dai, cibiyar binciken noma ta IAR ta fitar da wake SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar maruka da ke cinye fure da kwanso. Ana gardama a kansa saboda an sauya masa ƙwayar halitta, gardamar kuma ba laifi ba ce, amma ko ba komai ciwon da ke damun manomin wake aka nufa. Ku leƙa Maraɗi da Damagaram ku ga sassabin zamani: manomi ya daina tumɓuke kututture, ya zaɓi tsiro mai ƙarfi ya sassabe sauran, ya bar shi ya zama itace. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ƙarƙashinsa ya fi ko'ina albarka. Da wannan aka farfaɗo da miliyoyin hekta a Nijar, ba janareta ba dizal.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma, amma da na duba, yawancinsu surutu ne. Ku noma damina ɗaya cikakkiya da kuɗinku kafin ku cike fom, tun daga sharar gona, shuka, noman firi, maimai, har girbi da kai kaya kasuwa. Ba gonar Baba da za ku leƙa ranar Asabar ba. A nan za ku tsinci tambayar bincikenku, ko wuta-wuta ce ta hana dawa tashi, ko tsadar taki, ko asarar da ake yi bayan girbi. Duk na'urar da kuke son kawowa kuma, ku tambayi kanku ko makaniken Kura zai iya kwance ta ya mayar. In ba zai iya ba, ku bar ta inda kuka gan ta.

Kada a sayar da fili don karatu. Ko kaɗan. Akwai cibiyar noman tsandauri a Jami'ar Bayero, akwai Samaru, akwai cibiyoyin binciken noma na duniya, IITA da ICRISAT, da ofisoshinsu a Kano, ƙasar da za ku yi wa aiki tana nan a bakin ƙofarsu.

To amma in tallafi ya fito cikakke zuwa waje, ku tafi mana, ku daina saurarena. Can na koyi yadda ake tsara gwaji, da lissafin da ke nuna ko bambancin da ka gani a gona na gaske ne ko dace ne kawai, kuma da wannan nake cin abinci har yau. Jirgin nan marar matuƙi ma yana da wurinsa, a manyan filayen shinkafa inda shuka iri ɗaya ce. Ban ce babu ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaran yanzu ba sa iya zama minti goma da tsohon manomi ba su ciro waya ba. Mutum bai san bambancin gero da maiwa ba, bai taɓa yin kanta a hannu ba, amma ya buga kati ya rubuta shugaban kamfanin noma. Ku sa takalmin roba sabo fil, ku tsaya a gonar mutane ku ɗauki hoto ku ɗora a Facebook, mai gonar na gefe da fartanya ko gaishe shi ba ku yi ba.