Daga Jidda: A Fara Duba BIOS Kafin a Ɗora Windows 11

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Gaisuwa mai yawa daga Jidda.

Tun da Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, wayata ba ta huta ba. Yawanci waɗanda na aika wa kwamfutocin gwanjo ne ta hannun masu dawowa daga Umara, kuma kukan ɗaya ne: Windows 11 ta ƙi hawa.

Kwanaki wani dattijo Bahaushe, haifaffen Makka, ya shigo shagonmu rungume da kwamfutar tebur da ya saya a kasuwar Sawarik. Ya dire ta ya ce, "Ɗana, an ce mini ta mutu." Na ce, "Baba, bari mu gani tukuna." Na danna madannin Windows da R, na rubuta msinfo32, sai ga BIOS ɗinta na 2018, ba a taɓa sabunta shi ba.

BIOS ƙaramar manhaja ce da ke zaune a wani ɗan guntu jikin babban allon kwamfuta. Ita ke fara farkawa, ta tashi sauran kayan, sannan ta miƙa wa Windows ragama. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0, wato sashen tsaro mai adana mabuɗan sirri, da na'urar da ke iya Secure Boot, tsarin da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi yayin kunna kwamfuta. Sau da yawa TPM ɗin yana nan, a kashe yake kawai. Intel na kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Da muka sabunta ta Baba, muka kunna PTT, aiki ya tafi sumul.

Inda hankalina yake tashi shi ne wuta. A nan da wuya a ɗauke ta, a gida kuwa kun fi ni sani. In aka ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, kwamfutar na iya zama kwanko, ko fitilar allo ba za ta kawo ba. Mai laftof ya cika batir, ya bar caja a jone. Mai ta tebur ya nemi inbata mai ƙarfi. Janaretan da ke tari ba abin dogaro ba ne. Yayin sabuntawar, allon zai yi duhu, fanka ta yi ta ƙugi, ta kashe kanta ta kunna. Don Allah a zuba mata ido kawai, kar a taɓa komai.

Fayil ɗin sabunta BIOS kuma a sauke shi daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, daidai da lambar samfurin da ke manne a jikinta, ban da na "ai kusan iri ɗaya ne". A kwashe muhimman takardu a filashi. Mai BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle bayanan kwamfuta, ya dakatar da shi, ya rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda.

Wanda injin kwamfutarsa (processor) bai kai zubi na 8 na Intel ba, sabunta BIOS ba zai sa ta cika sharaɗin ba. Irin waɗannan Linux Mint, wata manhaja da ke maye gurbin Windows, nake ɗora musu, kuma ita ce a kan wadda nake rubuto muku wannan wasiƙa.

A gaida mutanen gida. Wassalam.