Abin da dafa bitta ya koya mini game da zafi da tsiron hatsi

Da abubuwa huɗu kacal ake haɗa giyar da Turawan Ingila ke kira bitta: ruwa, tsiron sha'ir, furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hop, sai yis. Ƙarfinta ma bai taka kara ya karya ba, yawanci daga kashi 3 zuwa 4 da ɗoriya cikin ɗari. Wannan sauƙin nata ne ya sa malamanmu a kwas ɗin kimiyyar abinci da na yi a Ingila suka zaɓe ta don aikin gwaji, suka kuma ce kowa ya je ya maimaita a masaukinsa da tukunya da bokiti, tun daga ƙwayar hatsi, ban da ruwan tsiro na gwangwani. Doka ba ta hana ba, domin tun 1963 aka yarda mutum a Birtaniya ya dafa giyarsa a gida ba tare da lasisi ba, muddin ba sayarwa zai yi ba. Giya mai ƙarfi ko mai kayan ƙamshi takan rufa wa mai dafa ta asiri. Bitta kuwa, duk abin da hannunka ya yi sai ya bayyana a kofi.

Na san akasarin masu karanta wannan Musulmi ne, kuma addini ya haramta musu giya. Ba kiran kowa nake yi ga sha ba. Ni Kirista ne, kuma ilimin da zan yi magana a kai shi ne dai wanda ake yin lemon malt marar barasa da shi, har da kunun zaƙin da ake sa wa tsiro.

Babban darasin yana cikin sa'a guda da hatsi ke yi a jiƙe. Don samun lita 23, za ka ɓarza kimanin kilo 4 na tsiron sha'ir, galibi nau'in Maris Otter da aka fitar a Kambirij a tsakiyar shekarun 1960, ka ƙara ɗan gasasshen tsiro don launi da ɗanɗano. Sai ka zuba shi a ruwan da ya ɗan haura digiri 70, yadda idan suka haɗu zafin zai tsaya a 66. Ka rufe, ka naɗe tukunyar da bargo, ka ja gefe. Daga nan aikin ya bar hannunka. A cikin tsiron akwai sinadarai biyu masu mayar da sitaci sukari. Ɗaya ya fi son zafin digiri 60 zuwa 65, kuma sukarin da yake bayarwa yis na cinye shi tas. Ɗayan ya fi jin daɗi wajen 70, nasa sukarin kuwa wani ɓangarensa yis ba ya iya ci, sai ya zauna ya ba giyar jiki. Wanda ya jiƙa a 63 zai samu abu tsararo, wanda ya jiƙa a 69 zai samu mai kauri da sauran zaƙi, alhali daga buhu ɗaya suka ɗebi hatsi. A ajinmu an jera kofuna irin haka, kowa ya ji bambancin da harshensa. Tun daga ranar na daina kallon ma'aunin zafi a matsayin kayan ado na ɗakin gwaji.

Ruwa ma haka. Garin Burton da ke bakin kogin Tirent ya yi suna a ƙarni na 19 saboda ruwan rijiyoyinsa na ɗauke da jibsam, ma'adinin nan da ake yin filastar silin da shi. Jibsam na fito da ɗacin hop ya zama mai tsabta a baki, shi ya sa har yau masu dafawa a wasu garuruwa ke zuba ɗan cokali a ruwansu don su kwaikwayi na Burton. Ruwan famfo kuma sai an kashe kulorin ɗin da ke ciki, in ba haka ba giyar ta fito da warin asibiti.

Hop bai ba ni wahala ba. Nau'o'in Fuggle da Goldings na yankin Kent a Ingila su ne na gargajiya. Bayan jiƙo ana tace ruwan zaƙin, a tafasa shi da hop. Wanda aka zuba a farkon tafasa, wadda ke ɗaukar sa'a guda ko fiye, shi ke ba da ɗaci. Wanda aka zuba dab da saukewa shi ke ba da ƙamshi.

Bayan an sauke ne tsabta ke zama tilas. Ruwan zaƙin da ya huce abinci ne ga kowace irin ƙwayar cuta, don haka cokali, bokiti, tiyo, duk sai an kashe musu ƙwayoyi kafin su taɓa shi. A zuba yis a digiri 18 zuwa 20, a bar shi. Kumfa ba ta nuna an gama. Ma'aunin nauyin ruwa ne ke faɗa: ya fara wajen 1.038, ya sauka kusa da 1.010, ya tsaya cak kwana biyu a jere. Malamarmu ba ta karɓar aikin da ba a rubuta waɗannan lambobi ba, ko da giyar ta yi daɗi, kuma ina ganin tana da gaskiya. Abin da ba ka rubuta ba, ba za ka iya maimaita shi ba sai da sa'a.

Inda abin ya taɓa ni sosai shi ne ranar da muka karanta dalilin da ya sa wannan jiƙo na tukunya ɗaya ke yi wa sha'ir aiki. Sitacinsa na narkewa a ƙasa da digiri 65, daidai inda sinadaran nan biyu ke da rai. Dawa ba haka take ba. Sitacinta sai zafi ya kai wajen 70 ko ya wuce kafin ya narke, lokacin kuwa sinadarin farko ya riga ya mutu, ga shi dama tsiron dawa ba shi da shi da yawa. Nan take na tuna kakata, wadda ta yi shekaru tana dafa burukutu. Takan dama garin tsiron dawa da ruwa, ta bari ya kwanta, ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye gefe, ta dafa abin da ya kwanta a ƙasa, sannan ta mayar da ruwan nan a kai bayan ya ɗan huce. Ina yaro na ɗauka al'ada ce kawai. Ashe sinadaran take kuɓutarwa daga wuta a cikin ruwan saman, ta narkar da sitacin daban, ta sake haɗa su a zafin da za su iya aiki. Masu dafa giyar dawa da ake kira dolo a Burkina Faso da wadda ake kira fito a arewacin Gana haka suke yi. Kakata ba ta da ma'aunin zafi, amma matsalar da take warwarewa ta fi ta mai dafa bitta wuya.

Wannan matsalar ce ta sha kan manyan kamfanonin Najeriya a 1988, lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, suka koma ga dawa dole. Sai da suka canja tsarin jiƙo, suka riƙa sayen sinadaran da ake haɗawa a masana'anta don cike giɓin. Ina jin takaicin cewa sai da na je Ingila na dafa giyar Turawa kafin wani ya bayyana mini abin da ke faruwa a tukunyar gidanmu. Ɗalibanmu na kimiyyar abinci suna da dawa da gero da masu kunun zaƙi a ƙofar makarantunsu. Ina so in ga an ba su ma'aunin zafi da littafin rubutu tun shekarar farko, an tura su su zauna da matan nan, su auna zafin kowane mataki, su rubuta.