Abin da koyar da "collect" ya nuna mini

Duk wanda ya koyar da Turanci a sakandare ya san ɗalibanmu ma'ana ɗaya suka ba "collect": karɓa. Ba laifinsu ba ne, haka suke ji a tasha, kwandasta na ce wa fasinja ya yi "collect" ɗin canjinsa. Har yaron da aka fizge wa waya sai ya rubuta a insha'i cewa ɓarawo ya yi "collect" ɗinta, kamar da hannu biyu ya miƙa masa. Bature "snatch" zai ce.

Asalin kalmar daga Latin take, tana nufin tattara abubuwa wuri guda. Mai tara tsofaffin kuɗi don sha'awa yana "collect", mai karɓar haraji ma haka, uwar da ta je ɗauko yara daga makaranta ita ma haka. Ƙura idan ta taru a kan kabad, kalmar ce dai. Wanda ya firgita sannan ya dawo hayyacinsa, an ce ya yi "collect" ɗin kansa.

Inda na fi shan wahala shi ne sashen jarrabawar WAEC da NECO da ake neman kalma mafi kusa a ma'ana. Yara sukan haddace jeri: gather, assemble, accumulate, amass, hoard, su ɗauka duk ɗaya ne. Ni kuwa na ga haddar nan ba ta kai su ko'ina. "Accumulate" taruwa ce a hankali, kamar bashin mai shago da kullum ake cewa a rubuta. "Amass" ta fi zama da dukiya mai yawa, sau da dama da ɗan zargi a ciki. "Hoard" kuwa aikin ɗan kasuwar da ke saye masara da kaka ya kulle a sito sai damina ta yi tsada. Da na faɗi wannan a aji, babu wanda ya sake tambaya, kowa ya san irin mutumin.

"Gather" ce mai rikitarwa. Da ita ake tsintar itace, da ita hadari ke haɗuwa, amma idan wani ya ce "I gather", nufinsa ya fahimta daga abin da ya ji.

Yanzu kafin mu buɗe ƙamus nakan sa su bambance mini tara, tattara, tsinta, jibge da karɓa da Hausa, kowace a cikin jimla. A nan ba sa kuskure, har gardama suke yi da ni a kan ko ana jibge kuɗi ko kaya kaɗai ake jibgewa.