Wutar cek injin: inda aka kwana da tsohuwar tawa

'Yan uwa masu koyon taɓa mota da kanku, ga inda aka kwana kan wutar cek injin ɗin nan da ta addabe ni a tsohuwar motar tseren da nake lallaɓawa, mai ƙofa biyu, silinda huɗu, ƙirar 1999. Tawa a tsaye take ba ta ƙiftawa, kuma shi ne farkon abin dubawa, don in tana ƙiftawa to injin na misin sosai, ɗanyen mai na gangarawa salansa yana ƙona katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, a nan kam faka ta kawai za ka yi.

Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wato tsarin da mota ke bayyana matsalarta ga na'urar gwaji, shi ya sa tana da soket mai baki 16 a ƙasan sitiyari. Na jona 'yar sikana ELM327, ta haɗu da waya ta Bluetooth, sai ga kod, wato lambar matsala, P0171. Masu motar da ta girmi haka, irin Mazda MX-5 ta farkon shekarun 1990, ba ku da wannan soket, sai dai ku buɗe bonet ku haɗa bakuna biyu masu suna TEN da GND da guntuwar waya a ɗan akwatin gwaji, ku murɗa makulli ku ƙirga ƙiftawar wuta.

To P0171 dai cewa take iska ta yi wa mai yawa. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, da zarar lissafin ya karkace sai birenbos, wato kwamfutar motar, ta yi ta ƙara mai har ta kai maƙura ta kunna wutar. Kowa ka faɗa wa sai ya ce canza sansar oksijin, mai auna iskar da ta rage a hayaƙin salansa, ni kuma ban yarda ba, wannan ai marin ɗan aike ne, ita sansar labari kawai ta kawo. Na duba ta a waya bayan injin ya ɗau zafi, tana hawa tana sauka tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt, lafiyarta ƙalau.

Inda na daɗe shi ne kan fiyul tirim, wato yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa, kuma wallahi duk mai koyo ya kamata ya zauna ya fahimci wannan lamba. A silo ta kai wajen +18 cikin ɗari, alhali in ta wuce +10 da magana. Da na taka totur allurar juyin injin ta kai 2500 sai ta sauko kusan +4. Kun ga dalilin? A silo iskar da injin ke sha kaɗan ce, ɗan ɓarawon rami ma sai ya rikita lissafi, amma in ka ba ta wuta iskar gaskiya ta yi yawa sai ta shanye ta ɓarauniyar. Da eyafulo mita, mai auna iskar da ke shiga injin, ce ta yi datti ko famfon mai ya gaji, da lambar hawa za ta yi in an taka, ba sauka ba.

Sai na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu. Na PCV, wanda ke mayar da tururin cikin injin hanyar shan iska, daga sama kamar sabo, da na lanƙwasa shi sai ga tsaga a ƙasan gwiwar ta buɗe baki, robar ta bushe ƙamas har tana barin baƙi a yatsa, in ka kara kunne kana jin ɗan fito siriri. Wasu na fesa kabireta kilina su ji ko silo zai canza, yana aiki, amma kusa da injin mai zafi ni dai ina tsoron gobara.

Na sa sabon tiyo da kilif. Kafin na goge kod ɗin na ɗauki hoton bayanan da birenbos ta adana na lokacin da wutar ta kama, don gogewa ko cire kan batir duk share su yake yi. Yanzu tirim na wasa wajen +5 a silo, wuta ba ta dawo ba, amma ban ce an gama ba tukuna, don gwajin katalis da na tururin tanki ba su kammala ba, sai an yi doguwar tafiya da ita. Abu na gaba shi ne wanke eyafulo mita da feshin da aka yi dominta, ba tare da taɓa siririyar wayar ciki ba, in ga ko sauran +5 ɗin zai sauka.